INNA, KU ZAUNA KU HUTA

 Yau wata tambaya na zo mana da ita, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san da wuya a sami gidan da babu ita. Tambayar kuwa ita ce: idan bazara ta kankama, rana tana tafasa ƙwaƙwalwa, ga tsohuwa a gidanki, mahaifiyarki ce ko uwar mijinki ko kakarki, sai kika ga ta ɗauki tsintsiya za ta yi shara, to mene ne tausayi a nan? Ki karɓe tsintsiyar, ko ki ƙyale ta ta share?

Na san da yawanku har kun ba da amsa a zuci, kun ce haba, wannan ma abin tambaya ne? Wace 'yar halak ce za ta zuba ido tsohuwa tana shara a cikin wannan zafi? To ni ma amsar da na bayar ke nan, kuma saura ƙiris amsar nan tawa ta gurgunta mini suruka. Ku biyo ni ku ji yadda aka yi.

Ni 'yar Kusada ce, aure ne ya kawo ni Kafinsoli, garin nan na ƙasar Kankiya. Na tarar da mahaifiyar maigidana, wadda duk gidan muke kira Inna, ta ba saba'in baya, amma wallahi ko ni da ƙuruciyata ba na iya jera aiki da ita. Kafin assalatu ta tashi. Tana idar da salla sai shara, daga ƙofar ɗakinta har bakin zaure. Tana da awaki uku a turke, ita ke dama musu dusa, ita ke zuba musu harawa. Da hantsi ta zauna ɓarar gyaɗa ko ɗinkin faifai. Barka kuwa da ta'aziyya da dubiya, ko a ƙarshen gari ne da ƙafarta take zuwa, ba ta taɓa cewa a kira mata mai mashin ba.

Ana nan sai bazarar 2024 ta zo, wadda duk wanda ya gan ta ba zai manta ba, domin azumi ya kama ranar 11 ga watan Maris, ya faɗa tsakiyar zafi. Ran nan aka yi rasuwa a wani ƙauye kusa da mu, Inna ta yafa mayafinta ta tafi da azumi a bakinta, ba ta juyo ba sai da rana ta take tsaka. Ina cikin madafa sai na ji yara suna ihu. Ko da na fito sai na tarar da ita a zube a zaure, jikinta zafi rau kamar garwashi, tana wasu maganganu marasa kan gado. Muka ja ta inuwa, muka yi ta sheƙa mata ruwan randa muna fifita, da ƙyar ta dawo hayyacinta.

Maigida yana Kano wurin kasuwancinsa, a daren ya iso hankali a tashe. Nan take ya yanke hukunci: daga yau Inna ta daina aiki, ta daina fita. Ni kuwa aka ɗora mini tsaron dokar, na kuma riƙe ta da hannu bibbiyu. Aka kwashe awakin aka kai gidan ƙanensa. Na ɓoye tsintsiya. Na shimfiɗa mata katifa a ɗaki, abinci in kai mata, ruwan alwala in kai mata, ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka sai in yi wuf in riga ta. Da ta yunƙura sai in ce, "Inna, ku zauna ku huta, ai mu ne ƙafafunku." Maƙwabta suka dinga yaba mini, ana cewa wance ta iya riƙon suruka. Ba zan ɓoye muku ba, yabon nan ya yi mini daɗi ƙwarai.

Kafin ruwan farko ya sauka, Inna ta zama wata daban. Matar da ke zagaye gari ta koma ba ta iya tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Salla ta koma yi a zaune. Abinci sai ta tsakura ta ture, cikinta ya ɗaure, da rana gyangyaɗi, da dare ido biyu. Hirar nan tata da ba'ar da take yi wa jikoki duk suka ɗauke. Wata rana da la'asar na kai mata kunu, sai ta riƙe hannuna ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, mi na yi maku kuka rufe ni da sauran kwanana?" Na rasa abin cewa, na fito na shige ɗakina na yi kuka mai isata.

Da muka kai ta asibiti a Kankiya, wata ma'aikaciyar jinya, dattijuwa, ta gama duba ta, ta tambaye ni yadda take wuni. Na shiga lissafa mata irin hidimar da nake yi ina jiran ta sa mini albarka. Sai ta girgiza kai ta ce, "Baiwar Allah, rana sau ɗaya ta kayar da ita, ku kuwa kullum kuna kayar da ita." Maganar nan ita ce mafarin wannan rubutu.

To 'yan uwa, mu tsaya mu yi wa juna adalci. Tsoron da muka ji ba na banza ba ne. Zafin bazara yana kisa, kuma tsofaffi yake fara ɗauka. A ƙasarmu ta Katsina, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a ma'auni. A wannan bazarar da Inna ta faɗi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 ranar 3 ga Afrilu, kuma wani babban asibiti a Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na watan, da yawansu sun haura shekara 60. A aikin Hajjin wannan shekarar ta 2024 sama da mutum 1,300 suka rasu a cikin tsananin zafi. Kai, ko Faransa da ke ƙasar sanyi, zafin shekarar 2003 ya kashe mata mutum wajen 15,000, akasarinsu tsofaffi.

Dalili kuwa shi ne jikin tsoho ba ya yaƙi da zafi kamar na yaro. Gumi shi ke sanyaya jiki, to tsoho guminsa ya ragu. Ƙishirwa ita ke tuna wa mutum ya sha ruwa, to tsoho ruwan jikinsa yakan yi ƙasa sosai bai ji ƙishirwar ba. Zuciya kuma dole ta ƙara bugu don ta tura jini zuwa fata a sha iska, ita kuwa ta tsoho ta riga ta gaji. Ga masu hawan jini da ake ba su maganin da ke sa yawan fitsari, ga masu ciwon suga, duk ruwan jikinsu saurin ƙarewa yake yi. Saboda haka duk wadda ta ce zafi ba komai ba ne, ai tsofaffinmu sun saba, to ba ta faɗi gaskiya ba.

Sai dai kwanciya ma tana da nata kisan, bambancin kawai ita a hankali take yi, ba ta da ihu, shi ya sa ba ma ganin laifinta. Tsokar jiki kamar bashi take, kullum sai an biya ta da motsi, ranar da aka daina sai ta fara guduwa. A shekarar 2007 wasu likitoci a Amurka sun kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10 cur a gado don su ga abin da zai faru, sai suka tarar a matsakaici mutum ɗaya ya yi asarar kusan kilo 1 na tsokar ƙafa. Kwana goma kacal! To ina ga Inna da na zaunar da ita wata biyu? Idan cinya ta saki, sai tashi ya yi wuya. Idan tashi ya yi wuya, sai tsoron faɗuwa ya shigo. Mai tsoron faɗuwa ba ta ƙara motsawa, ƙafar ta daɗa mutuwa, har ranar da za ta zame a banɗaki ƙugu ya karye. Daga nan kuma sai gyambon kwanciya, sai abin da Allah Ya yi. Gaskiyar Bahaushe da ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ga shi nan fa, hagu rana, dama kwanciya. Da na zauna na yi wa kaina hisabi, sai na gano wani abu mai ɗaci. Duk hidimar nan da na yi, rabinta ba don Inna na yi ba. Don kaina na yi. Ina tsoron ta sake faɗuwa a ce ina ina. Ina tsoron dangin miji su shigo su gan ta da tsintsiya su ce na mai da uwarsu baiwa. Ina son a yabe ni. Kuma in faɗi gaskiya, tsohuwar da ke kwance a ɗaki ta fi sauƙin tsaro a kan wadda ke kai da kawo tana cewa wannan miyar gishiri ya yi yawa, wancan yaron ba a yi masa wanka ba. Na sayi kwanciyar hankalina da ƙafafun baiwar Allah, na kuma sa wa cinikin suna tausayi.

Ke 'yar uwa mai karatu, tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah. Ranar da kika ce wa tsohuwarki ta zauna ta huta, wa kike son ya huta, ita ko ke?

Akwai kuma abin da ya fi tsoka. Awakin nan uku da muka kwashe, su ne dalilin da ke tayar da Inna da asuba. Su ne 'yan kuɗinta na biki da na goro, waɗanda ba sai ta roƙi ɗanta ba. Sharar nan ita ce shaidar cewa har yanzu gidan nan da ita ake yi. Zuwa barka da ta'aziyya shi ne matsayinta a gari, inda ake cewa bari Inna ta zo a ji ta bakinta. Mutum yana iya jure yunwa da ciwo, amma da wuya ya jure a nuna masa ba shi da sauran amfani. Muna ce wa tsohuwa ta huta, ita kuwa abin da kunnenta ke jiye mata shi ne, taki ta ƙare, jira kawai kike yi.

Kada kuma wata malalaciya ta ɗauki wannan ɗan littafi ta ce to ga shi an ce aiki lafiya ne, ta miƙe ƙafa tana danna waya, uwar miji tana surfe a rana. A'a, ba da ke nake ba. A unguwarmu akwai wata gyatuma da 'ya'yanta suka watse, kullum da tsakar rana za ka gan ta da ƙunshin itace a ka, ko tana tallar ƙuli-ƙuli a bakin titi, domin in ba ta fita ba ranar ba za a ɗora tukunya ba. Wannan ba motsa jiki take yi ba, wahala take sha, kuma alhakinta yana wuyan 'ya'yanta da mu maƙwabta da muke gani. Ma'aunin mai sauƙi ne. Aikin da tsohuwa take yi don ranta yana so, ta ajiye sa'ad da ta ga dama, wannan magani ne. Aikin da take yi don dole, ba halin ajiyewa ko jiri na ɗibarta, wannan zalunci ne.

To mene ne mafita? Abin da ma'aikaciyar nan ta koya mini bai wuce kalma biyu ba: sauya lokaci. Laifin ranar da Inna ta faɗi ba na tafiya ba ne, na tafiyar tsakar rana ne da azumi a baki. Kuma in kin lura, iyayenmu manoma sun riga kowa sanin wannan. Mai sharar gona da mai kai taki a bazara da duku-duku suke fita, kafin rana ta yi zafi sun dawo gindin bedi, sai la'asar kuma su koma.

Haka muka tsara wa Inna. Daga sallar asuba zuwa hantsi, lokacinta ne, ta yi shararta, ta ba awakinta dusa, in akwai gaisuwa a kusa ta je ta dawo. Daga walaha har zuwa bayan la'asar, babu fita. Amma ba ɗakin kwano muke tura ta ba, wanda da rana yake zama kamar tanda. Rumfa muka yi mata ta zana a inda iska ke ratsawa, mu yayyafa ruwa a ƙasa, ta zauna da maficinta tana tsintar wake ko ɗinkin faifai, lokaci-lokaci ta miƙe ta zagaya tsakar gida. Da la'asar sakaliya kuma sai ta ɗauki sandarta, jika ɗaya ya bi ta, su taka zuwa gidan ƙawarta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a shekarar 2020, ta ce wanda ya kai shekara 65 yana buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar rabin awa a kwana biyar, tare da abin da zai ƙarfafa ƙafa ya hana tangaɗi. Kada adadin ya tsorata ki, ba sai an yi shi a zama ɗaya ba. Minti goma da safe, goma da hantsi, goma da yamma, an gama. Wadda ƙafarta ta riga ta yi sanyi kuwa, a fara mata da kaɗan: ta zauna a kujera ta miƙe, ta zauna ta miƙe, sau biyar, kina tsaye kusa da ita. Gobe a ƙara. Ruku'u da sujada da tsayuwar salla su ma suna riƙe gwiwa, don haka kada ki yi saurin ce mata ta yi a zaune matuƙar tana iyawa ba tare da cutuwa ba.

Sai batun ruwa, wanda shi ne ginshiƙi. Kada ki jira ta ce tana jin ƙishirwa, domin mun ce ƙishirwar tsoho ba ta da alkawari. Ki ajiye mata tulu da moɗa a inda hannunta zai kai, ta sha kafin ta fita, ta sha in ta dawo. In ta ce ruwa ya gundure ta, ga farau-farau, ga kunun tsamiya, ga fura da nono mai ruwa-ruwa, ga kankana. Ki lura da fitsarinta, in ya ragu ya yi ja, ruwa ya yi ƙasa. Tufafi kuma na auduga marasa nauyi, masu haske, a ajiye leshi mai kauri da baƙin hijabin roba sai sanyi. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda da likita ya ƙayyade mata ruwa, ita sai a bi maganar likita. Azumi kuwa, in ya faɗo a zafi kuma jiki ba zai ɗauka ba, a je a tambayi malamai, addini ya yi wa tsoho rangwame na ciyarwa.

Ki kuma san alamun haɗari. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, ɗaurewar tsoka, duk suna cewa a tsaya, a shiga inuwa, a sha ruwa. Amma in kika ga jiki ya yi zafi rau, ga sambatu ko suma, to wannan ba aljanu ba ne, kada a ɓata lokaci wurin hayaƙi. A kai ta inuwa, a rage mata tufafi, a jiƙa ta da ruwa ana fifita, a nemi mota zuwa asibiti. Wadda ba ta cikin hayyacinta kuwa kada a ɗura mata ruwa a baki, sai ta shaƙe.

Wata za ta ce, to in tsohuwar mai taurin kai ce fa, ta ce lallai sai ta fita da azahar? Nan ne wurin dabara, domin tsohuwa ba yarinya ba ce da za ki daka mata tsawa, ita ta haifi wanda kike taƙama da shi. Ni dai abin da na ga yana ci shi ne in nemi alfarma maimakon in kafa doka. Sai in ce, "Inna, don Allah ku taya ni tsince wannan shinkafar, in rana ta yi sanyi sai mu tafi tare." Ta ji ana buƙatarta, ta kuma ji ba a hana ta ba. In abin ya zama dole, kamar jana'izar ɗan uwa, to a nemo abin hawa, a haɗa ta da lema da gorar ruwa da mai rakiya. Iyakarki ki rage mata haɗari, amma ragamar rayuwarta tana hannunta.

Yanzu Inna tana nan da ranta, an dawo mata da awakinta, har sun hayayyafa. Sai da muka shafe watanni muna zauna-miƙe kafin ta koma zagaya unguwa. Ba'arta ta dawo, faɗan gishirin miya ma ya dawo, kuma wallahi yanzu daɗinsa nake ji. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ba ta koma kamar da ba. Sandar da take dogarawa yau ba ta san ta ba kafin waccan bazarar. Kullum na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar nan a tsakar gida sai gabana ya faɗi, don na san da hannuna a ciki. Na nemi gafararta, ta ce, "Ɗiyata, ai so ne ya yi maki yawa." Garin neman gira muka tashi rasa ido.

Daga ƙarshe, ke amarya da ke budurwa, kada ki ga kamar zancen tsofaffi ake yi ba naki ba. Ƙafar da za ki taka kina da shekara saba'in, yau kike gina ta. In kin mai da kanki 'yar hutu, komai sai 'yar aiki, daga gado sai kujera sai kallo, to tsufanki zai riga shekarunki zuwa. Kuma yadda 'ya'yanki suka ga kina yi wa kakarsu, haka za su yi miki, ba ragi ba ƙari. Saboda haka gobe da asuba in kin ji ƙarar tsintsiya a tsakar gida, kada ki fito da gudu ki karɓe. Ki ɗebo ruwa mai sanyi a moɗa ki kai mata, ki ce sannunku da aiki Inna, sa'an nan ki ɗauki taki tsintsiyar ki kama daga ɗaya gefen.

Allah Ya ba mu ikon kyautata wa iyayenmu, Ya ba su lafiya mai amfani, Ya sa mu ma mu tsufa da ƙafafunmu. Amin.